Biyan bashi kafin wa'adi: Yadda ƙarin kuɗi a kowane wata ke rage shekaru

A ƙasashen da akasarin jama'a ke mallakar gida ta hanyar rancen banki, irin su Amurka da Birtaniya, akwai wata dabara da masu ba da shawara kan harkokin kuɗi suka daɗe suna ambata, wato mutum ya riƙa ɗora wani abu a kan adadin da aka yanke masa ya biya a kowane wata.

Ƙarin da bai taka kara ya karya ba kan iya zaftare shekaru da dama daga wa'adin bashin, ya kuma hana dubban daloli shiga aljihun banki.

To sai dai ba kowane bashi ne wannan dabara ke aiki a kansa ba. Amfaninta ya dogara ne a kan yadda ake lissafin bashin, da lokacin da aka soma ƙarin, da kuma abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya. Ga masu hulɗa da bankunan Musulunci ma, lissafin daban yake tun daga tushe.

Yadda ake raba kuɗin wata

Rancen gida na dogon zango da ake biya daidai-wa-daida a kowane wata bai daɗe sosai a duniya ba. Kafin shekarun 1930, galibin rancen gidaje a Amurka na shekara 5 zuwa 10 ne, kuma sau da yawa kuɗin ruwa kawai ake biya a tsawon lokacin, sai a ƙarshe a nemi uwar kuɗin a dunƙule.

Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe daga 1929, mutane da yawa sun kasa biyan wannan dunƙulallen kuɗi, aka kuma ƙwace gidajensu. Wannan ne ya sa gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumomin rancen gidaje a 1933 da 1934, waɗanda suka yaɗa tsarin biya sannu a hankali har bashi ya ƙare. Daga baya rancen shekara 30 mai tsayayyen kuɗin ruwa ya zama ruwan dare a ƙasar.

A wannan tsari, abin da mutum ke biya a wata ba ya canzawa, amma ana kasa shi gida biyu. Da farko banki kan cire kuɗin ruwan wannan watan, wanda ake lissafawa a kan ragowar bashin. Abin da ya saura shi ne ke rage uwar kuɗi.

A ɗauki misalin wanda ya ranci dala 200,000 a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, zai biya cikin shekara 30. Abin da zai riƙa bayarwa a wata shi ne dala 1,199.

A watan farko, dala 1,000 daga ciki kuɗin ruwa ne. Dala 199 kacal ce ke taɓa ainihin bashin.

Haka abin zai ci gaba, kason banki na raguwa da kaɗan-kaɗan, kason uwar kuɗi na ƙaruwa. Bayan shekara 10, mutumin ya zuba kusan dala 144,000, amma har yanzu ana bin sa fiye da dala 167,000. Sai a cikin shekara ta 19 ne abin da ke shiga uwar kuɗi a wata zai zarce abin da ke tafiya a kuɗin ruwa.

Idan ya bi jadawalin har ƙarshe, jimillar abin da zai biya za ta haura dala 431,000. Kuɗin ruwa kaɗai ya kai kimanin dala 231,700, wato ya fi abin da aka ranta masa tun farko.

Abin da ƙarin ke yi

Duk abin da aka ƙara a kan kuɗin wata, babu kason banki a cikinsa, domin an riga an biya kuɗin ruwan watan. Kai tsaye yake faɗawa kan uwar kuɗi. Da zarar uwar kuɗi ta ragu, kuɗin ruwan wata mai zuwa ma zai ragu, lamarin da ke ba da dama wani kaso mafi girma na biyan da aka saba ya sake shiga uwar kuɗi. Haka ragin zai yi ta haihuwa wata bayan wata.

A misalin da ya gabata, idan mutumin ya ƙara dala 100 a kowane wata tun daga farko, zai gama biya cikin shekara 24 da rabi, ya kuma tsira da kimanin dala 49,000.

Idan dala 200 ya ƙara, bashin zai ƙare cikin shekara 21, abin da zai tsira da shi kuma ya kusa dala 80,000.

Akwai wani abin lura a nan. A daidai shekara ta 21 ɗin da mai ƙara dala 200 ke karɓar takardun gidansa, maƙwabcinsa da ya ci bashi iri ɗaya a rana ɗaya, amma bai taɓa ƙara komai ba, rabin uwar kuɗi kawai ya biya. Sauran dala 100,000 na jiran sa a shekara tara da suka rage.

Lokacin da aka soma ƙarin na da tasiri kusan kamar yawansa. Dala 1,000 da aka ƙara a watan farko kan kawar da kuɗin ruwa na kusan dala 5,000 a tsawon rayuwar bashin. Amma dala 1,000 ɗin nan, idan aka jira sai saura shekara biyar a gama sannan aka ba da ita, abin da za ta kawar bai wuce kimanin dala 350 ba.

Haka kuma wanda ya bari sai bayan shekara 10 sannan ya soma ƙara dala 200, abin da zai tsira da shi kimanin dala 32,000 ne, kuma abin da zai rage a wa'adi bai cika shekara biyar ba.

A Amurka wasu kan bi wata hanyar ta daban, su riƙa biyan rabin kuɗin wata duk bayan mako biyu. Tun da mako 52 ne a shekara, sai ya zama sun biya rabi sau 26, daidai da kuɗin wata 13 maimakon 12. Sakamakon kusan ɗaya ne da na mai ƙara dala 100 a wancan misali. Akwai kamfanonin da ke karɓar lada don su tsara wa mutane wannan, alhali mutum na iya raba kuɗin wata guda gida 12 ya riƙa ƙarawa da kansa.

Inda dabarar ke cin tura

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan sharaɗi guda: cewa ana auna kuɗin ruwa da ragowar bashi. Ba duk masu ba da rance ke yin haka ba.

A ƙananan rance da yawa, musamman na sayen kayan gida ko mota, da na wasu ƙananan bankuna a ƙasashe masu tasowa, akan lissafa kuɗin ruwan gaba ɗaya tun ranar farko a kan cikakken abin da aka ranta, a haɗa shi da uwar kuɗi, sannan a raba bisa watanni. Wanda aka ce masa kashi 10 cikin 100 a irin wannan tsari na shekara guda, a zahiri abin da yake biya ya kusa kashi 18, domin ana cajin sa har a kan kuɗin da ya riga ya mayar.

A irin wannan bashi, ƙarin wata-wata ba ya rage komai da kansa, sai idan yarjejeniya ta tanadi rangwame ga wanda ya biya da wuri.

Ko inda aka tanadi rangwamen, hanyar lissafa shi na iya karkata ga mai ba da bashi. Fitacciya a ciki ita ce wadda ake kira ƙa'idar 78. Sunan ya samo asali ne daga haɗa lambobin watanni, daga 1 zuwa 12, wanda ke ba da 78. Sai a ce watan farko ya ci kashi 12 cikin 78 na kuɗin ruwa, na biyu 11, na uku 10, har zuwa na ƙarshe mai kashi 1.

Idan jimillar kuɗin ruwan bashin shekara guda naira 78,000 ce, wanda ya biya duka bayan wata shida ba rabi za a yafe masa ba. Mai ba da bashi zai riƙe naira 57,000, ya yafe 21,000. A bashin shekara guda bambancin wannan da lissafin gaskiya ba shi da yawa, amma yana girma idan wa'adi ya yi tsawo kuma kuɗin ruwa ya yi tsada.

Amurka ta hana amfani da wannan ƙa'ida a 1992 a kan bashin jama'a da wa'adinsa ya wuce wata 61. Birtaniya kuma ta soke ta a sabbin yarjejeniyoyi daga watan Mayun 2005.

Wata matsalar ita ce ta inda banki ke ajiye ƙarin. Idan mai biya bai bayyana cewa uwar kuɗi yake so a rage ba, wasu masu ba da bashi kan ɗauki ƙarin a matsayin biyan wata mai zuwa da aka yi kafin lokaci. Shi ya sa masu ba da shawara ke nanata cewa a ba da umarnin a rubuce, a kuma duba takardar bayanin asusu a ga ko ragowar bashin ta sauka da daidai abin da aka ƙara.

Bayan haka akwai zaɓi biyu: ko a bar kuɗin wata yadda yake wa'adi ya gajarce, ko a bar wa'adi yadda yake kuɗin wata ya sauko. Na farko ya fi rage kuɗin ruwa nesa ba kusa ba. Na biyu kuma sauƙi yake kawo wa aljihu a yanzu.

Tarar biya da wuri

Banki ba ya murna da biya kafin wa'adi kamar yadda ake zato. Ya riga ya sa ran samun kuɗin ruwa na shekaru, wani lokaci ma shi kansa ranto kuɗin ya yi a kan wani farashi. Mutane kuma sun fi gaggawar biya a lokacin da kuɗin ruwa ya faɗi a kasuwa, daidai lokacin da banki ba zai iya sake ba da kuɗin a kan tsohon farashi ba.

Wannan ne asalin tarar da ake ɗora wa mai biya da wuri, kuma ƙasashe sun bambanta sosai kan yadda suka yi mata iyaka.

A Amurka, irin wannan tara ta yi yawa a rancen gidaje da aka riƙa bai wa masu ƙaramin ƙarfi kafin rikicin kuɗi na 2008, inda ta hana da yawa daga cikinsu sauya bashin da mai sauƙi lokacin da kuɗin ruwansu ya tashi. Dokar garambawul ta Dodd-Frank ta 2010, da ƙa'idojin da suka soma aiki a Janairun 2014, sun taƙaita ta ga wasu nau'o'in rance kawai, kuma cikin shekara uku na farko: kashi 2 cikin 100 a shekara biyu na farko, kashi 1 a ta uku. Rancen karatu na ɗalibai ba shi da irin wannan tara.

A Birtaniya, inda aka saba tsayar da kuɗin ruwa na shekara biyu ko biyar kawai, akasarin bankuna kan ƙyale mutum ya ƙara har kashi 10 cikin 100 na bashinsa a shekara ba tare da tara ba. Abin da ya haura haka akan caje shi, galibi tsakanin kashi 1 da kashi 5 cikin 100.

Faransa ta ƙayyade diyyar da banki zai nema a rancen gida da kuɗin ruwan wata shida, kuma kada ta wuce kashi 3 cikin 100 na ragowar uwar kuɗi. A Jamus, doka ta bai wa mai bashi damar soke yarjejeniyar tsayayyen kuɗin ruwa bayan shekara 10 ba tare da diyya ba, muddin ya ba da sanarwar wata shida. Babban bankin Indiya kuwa ya hana bankuna cin wannan tara a 2012 a kan rancen gidaje da kuɗin ruwansa ke hawa da sauka.

Lokacin da jinkiri ya fi

Ta fuskar lissafi zalla, biyan bashi mai kuɗin ruwa kashi 6 kafin lokaci tamkar samun kashi 6 ne a kan kuɗin da aka ƙara, ba tare da wata kasada ba. Tambayar da masana kan yi ita ce ko akwai inda kuɗin zai fi wannan amfani.

Amsar kan canza da zamani. A Oktoban 1981, matsakaicin kuɗin ruwan rancen gida na shekara 30 a Amurka ya kai kashi 18.63 cikin 100. A Janairun 2021 ya faɗi zuwa kashi 2.65, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani, kafin ya sake hawa zuwa kashi 7.79 a Oktoban 2023. Wanda ya ɗaure bashinsa a kan kashi 3 a 2021 ya iske a 2023 cewa wasu asusun ajiya na biyan kusan kashi 5. A wurin irin wannan mutum, gaggawar biya ba ta da fa'idar kuɗi.

A Birtaniya akasin haka aka gani. Babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023, kuma da yake yarjejeniyoyin can gajeru ne, miliyoyin gidaje sun tarar da sabon farashi mai tsada da wa'adin tsohon ya cika. Waɗanda suka yi amfani da shekarun araha suka rage uwar kuɗi sun shiga sabon farashin da ƙaramin kaya.

Akwai kuma batun wane bashi za a soma da shi. A 2023 da 2024 matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100. Babu hikima mutum ya riƙa rage bashin kashi 6 alhali na kashi 20 na cin sa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne kuɗin da ya shiga bangon gida ba ya fitowa da sauƙi. Wanda ya shekara biyar yana ƙari, idan ya rasa aikinsa, a mafi yawan yarjejeniyoyi banki zai nemi cikakken kuɗin wata mai zuwa kamar bai taɓa ƙara komai ba. Saboda haka ne ake ba da shawarar a fara tanadin abin da zai riƙe iyali na wata uku zuwa shida kafin a soma.

A Nijeriya, hauhawar farashi na sauya lissafin baki ɗaya. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ma'aikata ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu a ciki, kan ba da rance ta bankin ba da lamunin gidaje na tarayya a kan kashi 6 cikin 100, har na tsawon shekara 30. Wanda ya karɓi naira miliyan 10 a kan wannan sharaɗi zai riƙa biyan kusan naira 60,000 a wata, kuma ƙarin naira 10,000 zai zaftare masa shekara tara da kuɗin ruwa na kusan naira miliyan 4.

Amma a Disamban 2024 hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa ma'aunin da ake amfani da shi a lokacin. A irin wannan yanayi, naira 60,000 da za a biya bayan shekara 10 ba za ta yi kusa da darajar ta yau ba, wato hauhawar farashin da kanta tana cinye bashin. Wanda kuma ya ci bashin bankin kasuwanci a wannan shekarar, lokacin da babban banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, duk abin da ya rage da wuri babban sauƙi ne a gare shi.

Mahangar shari'a

Ga Musulmi, batun ya wuce na lissafi. Malamai sun haɗu a kan haramcin ƙari da ake sharɗantawa a kan rance, kuma wanda ya riga ya tsinci kansa a irin wannan bashi, abin da suke umartar sa da shi shi ne ya fita da gaggawa gwargwadon ikonsa. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma addini bai ɗauke shi da wasa ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, har sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Inda aka sami saɓani shi ne a kan rangwame. A cinikin murabaha, wanda bankunan Musulunci suka fi amfani da shi, banki ne ke sayen kaya ya sayar wa abokin hulɗa a kan farashin da aka ƙayyade tare da ribarsa, a biya sannu a hankali. Idan banki ya sayi mota naira miliyan 6 ya sayar a kan miliyan 7.2, za a biya naira 200,000 a wata har wata 36, to miliyan 7.2 ɗin nan farashi ne, kuma ya zama bashi tun ranar ciniki.

Bayan shekara guda, saura naira miliyan 4.8. Idan mai motar ya kawo kuɗin duka a ranar, a ƙa'ida miliyan 4.8 ɗin zai biya, domin babu wani kuɗin ruwa da ke tafiya da kwanaki wanda za a ce ya tsaya. Ƙarin wata-wata zai sa ya gama da wuri, amma ba zai rage farashin da kansa ba.

Shin ya halatta mai bin bashi ya ce a biya shi yanzu ya yafe wani abu? Wannan tsohuwar mas'ala ce da malaman fiƙihu ke kira da'a wa ta'ajjal, ma'ana rage ka karɓa da wuri. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana, suna masu cewa hakan sayar da lokaci ne da kuɗi, kamar dai yadda ƙari saboda jinkiri yake. Wannan ne ra'ayin mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, kuma yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ɗalibai ke karantawa a zaure.

An ruwaito halascinsa daga Abdullahi ɗan Abbas, kuma Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim sun bi wannan ra'ayi. Hujjarsu ita ce abin da aka haramta yana ƙara wa mai bashi nauyi ne, wannan kuwa sauke masa yake yi, shi ma mai bin bashin ya sami kuɗinsa da wuri.

A zamanta na bakwai a Jidda a 1992, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa rangwamen ya halatta, ko mai bashi ne ya nema ko mai bin sa, da sharaɗin ba a yi yarjejeniya a kansa tun farko ba, kuma babu wani na uku da ya shiga tsakani. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, ita ma ta tafi a kan haka a ƙa'idarta ta murabaha: banki na iya yafe wani abu, amma ba a rubuta shi a matsayin sharaɗin ciniki.

Matsalar wannan matsayi a aikace ita ce ya bar abokin hulɗa a hannun banki. A Malesiya an ga illar haka a kotuna a shekarun 2000, inda bankuna suka riƙa neman cikakken farashin shekara 20 ko fiye daga mutanen da suka gaza biya bayan 'yan shekaru, abin da ya sa wani lokaci bashin bankin Musulunci ya fi na bankin kuɗin ruwa tsanani. A 2010 majalisar malamai ta babban bankin ƙasar ta yanke cewa wajibi ne bankuna su ba da rangwamen, wanda ake kira ibra'i, kuma ƙa'idojin da aka fitar a 2011 sun tilasta a rubuta shi da yadda ake lissafa shi a cikin yarjejeniya.

Ke nan akwai hanyoyi biyu da ake bi a duniyar bankunan Musulunci. A Nijeriya, inda bankin Jaiz ya soma aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021, abin da ya kamaci mai neman kuɗin sayen mota ko gida shi ne ya tambayi manufar bankin kan rangwame kafin ya sa hannu, domin bayan sa hannu farashin ya riga ya hau kansa.

Akwai tsari guda na Musulunci da ƙarin wata-wata ke aiki a cikinsa ba tare da wannan taƙaddama ba, shi ne haɗin gwiwa mai raguwa. A nan banki da abokin hulɗa ne ke sayen gida tare, mutum ya riƙa biyan haya a kan kason banki, yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da ya sayi ƙarin kaso, hayar da ke kansa na raguwa, tun da abin da banki ya mallaka ya ragu. Babu bashin da aka yafe, ciniki ne sabo a kowane karo.

Da wannan tsari ne Musulmi da dama suka mallaki gidaje a Amurka ta kamfanin Guidance Residential da ya soma aiki a 2002, haka ma a Birtaniya, bayan da gwamnati ta cire harajin sayen gida da ake biya sau biyu a cinikin gidaje na tsarin Musulunci a 2003. Ko a nan ma yarjejeniyoyi kan ƙayyade lokutan da ake karɓar ƙarin da mafi ƙarancin abin da za a iya bayarwa a lokaci guda.

Bayan biya na ƙarshe

Ragowar bashin da ke rubuce a takardar wata ba ita ce ainihin abin da za a biya ranar rufe asusu ba, domin kuɗin ruwa ko haya na kwanakin da suka gifta na iya hawa a kai. Akan nemi banki ya ba da takardar adadin ƙarshe mai ɗauke da ranar da adadin zai daina aiki.

Idan an biya, sai a karɓi shaidar cewa bashi ya ƙare, a dawo da takardun gida ko na mota da aka jinginar, a kuma tabbatar an cire sunan banki daga rajistar filaye. A Nijeriya wannan na nufin a yi rajistar takardar sakin jingina a ofishin filaye na jihar da gidan yake, idan ba haka ba gidan zai ci gaba da bayyana a matsayin jinginanne ranar da aka zo sayar da shi ko raba gado.